Tatata a Shekara Biyar: Ziyarar Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Birnin Kudu da kaka ya san yadda ƙasar ke sauya kama a idonsa. Da ka ƙetare gadar Wudil, ka wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, sai shimfiɗaɗɗun gonaki su fara ba duwatsu wuri. An yanke gero an ɗaure dammuna, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi, amalanken shanu na fitowa daga burtali su hau gefen kwalta. Tafiyar kamar awa biyu ce, in direba bai tsaya lodi a hanya ba.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Akwai wani matashi ma'aikacin gashin ƙashi, ƙanin abokina, wanda ya yi karatunsa a Jami'ar Bayero ta Kano, mutanen gari kuma likita suke ce masa. Ya daɗe yana yi mini zancen yara masu shanyewar ƙwaƙwalwa, waɗanda suka samu rauni a sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa motsi tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko suna jarirai. Sai wuya ya ƙi tsayawa, zama ya yi jinkiri, tafiya kuwa ta zama abin roƙon Allah dare da rana. Ranakun da ba ya aiki yakan hau babur ya zaga wasu gidaje ya ga yadda ake yi wa yaran atisaye. Na roƙe shi ya goya ni, ya amince.

Birnin Kudu gari ne da sunansa ya yi nisa. Kwalejin Gwamnati da ke nan ta yaye manya, cikinsu har da Alhaji Aliko Dangote. Bamaina, mahaifar tsohon Gwamna Sule Lamido, tana cikin wannan ƙaramar hukuma. Ga makarantar koyon aikin jinya, ga kuma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda a da babban asibitin garin ce kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta. Ita ce madogarar mutanen kudancin Jigawa, har da maƙwabta daga ƙauyukan Bauchi da Kano, kuma sashenta na gashin ƙashi nan ne mafi kusa ga iyaye da yawa a wannan yanki.

Da la'asar ta yi sanyi likitan, mai masaukina, ya kai ni Dutsen Habude, ɗaya daga cikin duwatsun garin masu zanen shanu na mutanen da, waɗanda Bature Bernard Fagg ya rubuta bayaninsu a shekarun 1950. Mun kalli zanen, amma shi abin da ke ransa daban. A kan wani falalen dutse mai ɗan gangare ya ce in ɗaga ƙafa ɗaya in rufe ido. Nan take na ji yatsun ƙafata sun damƙi dutsen ta cikin takalmi, idon sawu yana ta ƙananan gyare-gyare, dama, hagu, dama, hannuwa sun buɗe da kansu. Ya ce abin da na ji shi ne aikin da jiki ke yi kullum ba tare da sanin mai shi ba. Saƙo uku ne ke zuwa wa ƙwaƙwalwa a lokaci guda: na ido, na can cikin kunne inda ake jin karkacewar kai, da na tafin ƙafa da gaɓoɓi. Ita kuma ta mayar da amsa ga tsoka kafin ƙiftawar ido. Yaron da ke da wannan lalura amsarsa kan makara, ko ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, sai ƙafar da ya kamata ta tare faɗuwa ta sandare. Wani likitan ƙashi a Landan, William John Little, shi ne ya danganta wannan ƙagewar gaɓoɓi da wahalar haihuwa tun a farkon shekarun 1860, kuma har yau mafi yawan yaran, kusan kashi 80 cikin 100, masu ƙagewar tsoka ne.

Washegari da hantsi muka yi sallama a wani gida cikin gari. Yarinyar za ta kai shekara biyar, idonta tar, bakinta da surutu, hannuwanta lafiya ƙalau. Ƙafafun ne matsalar. In aka tsayar da ita sai ta ɗage a kan yatsu, gwiwoyi su haɗe, ƙafa ɗaya ta gitta kan ɗaya. Uwar ta yi maza ta kama hannuwanta biyu ta ɗaga sama za ta nuna mana yadda take takawa.

"Yaya, sauke mata hannun," in ji shi. "In kika riƙe ta haka, ke ce ke tafiyar, ita lilo kawai take yi."

Ni da na zo ganin koyon tafiya, sai na ga bai ma fara da tafiya ba. Ya sa an kawo kujera 'yar tsugunno, ya zaunar da ita, ya danna dugaduganta har suka kwanta a ƙasa. Ya ajiye ƙoƙon gyaɗa a kan turmi, ɗan nesa kaɗan, ya ce ta miƙe ta ɗauko guda ta zauna. Ta miƙe, ta zauna, ta miƙe, ta zauna. Wannan tashi da zama shi ke ƙarfafa cinya da ƙugu, kuma duk wanda bai iya shi ba ba zai iya kama kansa a tsaye ba. Daga nan ya durƙusa a bayanta, ya ɗora tafukansa a kan ƙashin ƙugunta, manyan yatsunsa a baya. A hankali ya karkata nauyinta zuwa ƙafar hagu. Ina kallo ƙafar dama ta yi sako-sako, ta saki ƙasa, yarinyar ta jefa ta gaba da kanta. Ya mayar da nauyin dama, ta hagu ta biyo. Bai ɗaga mata ƙafa ko sau ɗaya ba. Daga baya ya bayyana mini dalili: a tafiyar mutum mai lafiya, kusan kashi 80 cikin 100 na lokacin ƙafa ɗaya ce kaɗai a ƙasa. Wanda bai yarda ya ba ƙafa guda amanar dukan nauyinsa ba, ba zai taka ba, komai ƙarfin ƙafafunsa.

Sauran aikin duk da kayan gidan aka yi shi. Ta bi bango a kaikaice, tana dafawa, wanda ke tilasta wa cinyoyin da suka saba matsewa su buɗe. Ta yi tafiya da baya, yana riƙe da ƙugunta, domin mai ja da baya dole ya miƙe gadon bayansa, kuma ba ya ganin inda zai taka, sai ya koyi sauraron tafin ƙafarsa. An kwantar da taɓarya a ƙasa ta tsallake. An fito da ita daga kan daɓe zuwa rairayin tsakar gida, inda ƙasa ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa. A nan ta yi tangal-tangal ta zauna daɓas, ta kalli uwarta za ta yi kuka. Ya hana kowa ya ruga. Ya nuna mata yadda za ta kifa, ta dafa, ta kafa gwiwa ɗaya, ta tashi. Ya ce faɗuwa da tashi darasi ne mai zaman kansa, kuma yaron da ya san yadda zai tashi tsoron tafiya kan rage masa. Duka-duka bai fi rabin awa ba ta gaji liƙis, don irin waɗannan yara ƙarfin da suke kashewa a taku goma ya fi na lafiyayyen yaro nesa ba kusa ba.

A ƙasashen da suka ci gaba akwai injin tafiya mai bel da ke juyawa, a rataye yaro da ɗamara a rage masa nauyi, ya yi ta takawa. Har mutum-mutumin inji ake ɗaura wa ƙafafu. Suna da amfaninsu, ba wanda zai ƙi su in ya samu. Amma wata masaniya 'yar Ostireliya, Iona Novak, da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a duniya kan hanyoyin taimaka wa waɗannan yara, suka fitar a 2013, suka sabunta a 2020, kuma abin da ya fito fili ya faranta mini rai. Cikin hanyoyin da suka fi tabbata akwai sa yaro ya yi ainihin aikin da ake so ya iya, da jikinsa, a kai a kai, bisa wani buri da iyalinsa suka zaɓa, da kuma tsarin atisaye a gida a hannun iyaye. Kwantar da yaro a yi ta murza shi da man zafi yana kwance shiru, wanda shi ne abin da iyaye da yawa ke sa ran gani, hujjarsa ba ta da ƙarfi. Abin ya yi kama da karatun allo: malam biyawa yake yi, amma hadda sai da tilawar safe da yamma. Rabin awar da yaro ya samu a gaban ma'aikaci biyawa ce, kuma uwar ake biya wa fiye da ɗan. Sauran kwanakin mako duk a tsakar gida suke.

Da za mu fita uwar ta rako mu bakin zaure, ta sassauta murya ta yi tambayar da ya ce ba gidan da ba a yi masa ita: "Likita, za ta yi tafiya kuwa?" Wannan karon amsar mai daɗi ce, ya ce in Allah ya yarda za ta yi, ko da da abin dogarawa ne da farko. Ba kullum yake iya faɗin haka ba. Masana a Jami'ar McMaster ta Kanada sun fitar da wani ma'auni a 1997 da ya kasa yaran mataki biyar: na farko yana tafiya har da gudu, na biyu yana tafiya amma tudu da gangare na ba shi wuya, na uku sai da abin dogarawa, na huɗu da na biyar kuwa keken guragu ne ƙafarsu. Kusan ɗaya cikin uku ba ya tafiya. Babbar alamar da ake dubawa ita ce zama: yaron da ya iya zama da kansa kafin ya cika shekara biyu, galibi yakan taka. Na yaba masa da ba ya sayar da fata na ƙarya. Masu yin alkawarin warkewa cikin mako biyu sun cinye awaki da gonakin bayin Allah da yawa. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi, domin ƙashi na tsawo, tsokar da ta sandare ba ta bin sa. Shi ya sa ko yaron da ba zai taka ba yana bukatar a tsayar da shi a jikin katako kullum, a zaunar da shi daidai, don kada ƙugu ya goce, kada baya ya karkace, ya kuma ga duniya daga zaune kamar kowa.

Hanyar Gwaram ta bi ta Babaldu, inda ta Ningi ta ɓalle. Gwaram ƙasa ce mai faɗi da ta yi iyaka da Jihar Bauchi, ga Sara mai babbar kasuwa, ga Basirka can gaba, ga rugagen Fulani da garken shanu suna ƙetare titi ba gaggawa. Muka sauka daga kwalta muka kama 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki, yashi na ja wa babur taya. A kan wannan hanya na gane abin da alƙaluma ba sa nunawa. Matar da aka ce ta riƙa kawo ɗanta gashi duk mako, sai ta nemi izinin maigida, ta goya yaro ɗan shekara shida wanda jikinsa ke sandarewa duk lokacin da babur ya faɗa rami, ta biya ɗan acaɓa zuwa bakin titi, ta biya mota, ta yi layi, ta dawo bayan la'asar ba ta ɗora tukunya ba. Da damina ta sauka kuwa ba a ma maganar. In ta je sau uku ta daina, a takarda za a rubuta cewa ta daina zuwa, wani ma ya ce sakaci ne. Ni dai ban ga sakaci ba. Nisa na gani, da talauci.

Ƙauyen da muka sauka ƙarami ne, gidajen ƙasa da dangar kara. Wata dattijuwa ta tarbe mu da ruwa a ƙwarya.

"Maraba da likita. Ya hanya? Ga maigidan nawa can, tun da safe yake zuba ido."

"Lafiya lau, Iya. Ya ƙarfin jikinsa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Maigidan nata jikanta ne, ɗan shekara bakwai ko kusa da haka. Ɗan fari ne. Uwarsa ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a samu motar kai ta asibiti, ya kuma fito bai yi kuka ba. Shekarunsa na farko a kan tabarma ya yi su, a ƙuryar ɗaki. Wasu suka ce ɗan ruwa ne, wasu suka ce iska ce ta shafe shi, wasu suka ce shan inna. An sha rubutu, an yi turare, an sayar da akuya an kai wa masu magani. Kakar ce ta gaji, ta goya shi ta kai Birnin Kudu.

A ƙarƙashin darbejiyar gidan na ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai a wannan tafiya. Gwafanni huɗu ne aka kafa a ƙasa, aka gitta gora biyu a kai, tsawonsu bai fi taku takwas na babba ba, aka ɗaure da igiyar rama. Uban yaron ne ya sare su ya kafa, bisa awon da likita ya ba shi: tsayin gorar ya zo daidai ƙugun yaron, yadda in ya dafa gwiwar hannunsa za ta ɗan lanƙwashe. Inda yake riƙewa ya yi sumul har yana sheƙi. Tsakanin gorar biyu ƙasa ta yi kwari, wata 'yar hanya da ƙafafunsa suka haƙa, gefen dama ya fi zurfi don nan yake jan yatsu. Ba sai an tambayi ko ana yin atisaye a gidan nan ba.

Yaron ya kama, ya miƙe, ya taka zuwa ƙarshe, ya juya. Juyawar ta fi tafiyar wuya, sai da ya tsaya ya ciji leɓe. Likita ya sa shi ya saki hannu ɗaya ya karɓi ƙwallon tsumma daga ƙanwarsa, ya jefa mata. Sannan ya saki duka biyun, kakar tana ƙirga masa da ƙarfi, har ya kai bakwai kafin ya cafke gorar. Burin da suka sa wa kansu ba wani mai nisa ba ne: ya kai kansa bayan gida ba a ɗauke shi ba, ya kuma isa ƙofar gida inda sa'o'insa ke karatun allo. Don haka aka fara fitar da shi daga tsakanin gora zuwa ainihin ƙasar da zai rayu a kanta, mai yashi da tsakuwa da kunyoyin gona. Yaron da ya ƙware a kan sumul ɗin siminti kaɗai, ranar da ya taka wannan ƙasa sabon ɗalibi ne.

Akwai abin da gora ba za ta gyara ba. Dundunniyarsa ta dama ba ta sauka ƙasa, agarar ta riga ta gajarce saboda shekarun kwanciya. Likita ya gwada lanƙwasa ƙafar a hankali, ya tsaya inda ta tsaya, ya gargaɗi kakar kada kowa ya danna da ƙarfi, don ana iya yaga tsoka ko a karya ƙashi. Irin wannan sai an sa filasta ana sauyawa mako-mako har ta miƙe, ko a yi masa takalmin roba mai riƙe idon sawu, wani lokaci ma sai tiyata. Ya ambaci Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Na ga uban ya yi shiru yana lissafi a zuci. Da an fara tun yaron yana shekara ɗaya, da wuya a kai ga haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uwar fa? Tana bakin murhu, tana satar kallo, ba ta matso ba. Kunyar ɗan fari ce, ko sunansa ba ta faɗi. Al'ada ce mai kyau a wurinta, ban zo rushe ta ba. Amma haihuwar fari, musamman ga yarinya ƙarama, ita ce ta fi zuwa da doguwar naƙuda, kuma atisayen nan yana son mai yi wa yaro wasa, mai yaba masa, mai tafa masa in ya ƙara taku ɗaya. Inda akwai kaka mai ƙarfi irin wannan, an dace. Inda babu, ya kamata manyan gida su sauke wa uwar wannan nauyi, su ce mata ta kama ɗanta ba wanda zai yi mata gori. Haka kuma uban nan ya cancanci a yaba masa, domin mai masaukina ya ce abin da ya fi gani shi ne a bar wa mace wahalar ita kaɗai, wani ma ya sake ta ya ce daga danginta abin ya fito. Wannan zalunci ne, kuma jahilci ne. Har goyon da matanmu ke yi yana da ranarsa: yana buɗe cinyoyin yaron da ƙafafunsa ke harɗewa. Illar ita ce ya wuni a baya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

A hanyar dawowa muka tsaya wurin wani kafinta a bakin kasuwa. Likita ya zana masa keken dogarawa a bayan kwali, irin wanda ke zagaye yaro ta baya, gabansa a buɗe. Wanda ake turawa a gaba yana sa yaro ya duƙa ya bi shi da gudu a kan yatsu, na baya kuwa yana miƙar da shi. Kafintan ya juya kwalin, ya yi tambaya biyu a kan taya, ya ce zai iya. Wannan ba sabon tunani ba ne. A ƙauyen Ajoya na ƙasar Meziko, David Werner da mutanen gari, yawancinsu masu naƙasa, sun yi shekaru suna ƙera irin waɗannan kaya da itace da tsohuwar taya, ya tattara su a littafinsa na 1987 kan yara masu naƙasa a karkara. Kowace kasuwa a Gwaram da Birnin Kudu akwai kafinta da mai walda. Awo kawai suke bukata, da mai duba aikin. Wanda likita ya hana shi ne keken roba mai zagaye da ake sayarwa a kanti, wanda ake zura jariri a ciki yana reto: yana ƙara koya wa yaro ɗage, Kanada ma ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda haɗarinsa.

Da dare muna shan shayi hira ta koma kan tushen abin. A ƙasashe masu arziki yaran da ke samun wannan lalura ba su kai 2 cikin kowace haihuwa 1,000 ba, a ƙasashe irin namu kuwa sun haura 3. Bambancin yana cikin abubuwan da ake iya karewa: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, haihuwar bakwaini, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da shawarar jarirai. Wannan ta ƙarshe ta fi ba ni takaici, don maganinta yana kusa. Jariri ya yi kwana biyu ko uku, idonsa ya yi rawaya, a ce a shanya shi a hantsi ko a ba shi jiƙo, har abin ya hau ƙwaƙwalwa, alhali akwai fitila ta musamman a asibiti da ake sa shi ƙarƙashinta. Kafur ɗin da ake zubawa cikin kayan jarirai ma yana fasa jinin wasu yaran ya tsananta shawarar. Shirin Haihuwa Lafiya da Jigawa ta kafa a zamanin Lamido, mai kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka, ya kama bakin zaren daidai, kuma duk motar da ta isa da wuri tana iya ceton ƙwaƙwalwar yaro guda.

Jihar nan tana da tarihin da za ta ɗora a kai. A 2007 ta fara ba masu naƙasa alawus, Naira 7,000 a wata a lokacin. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma da ƙafa aka ci wannan yaƙi, mata ma'aikata suna bi gida-gida, lungu-lungu, har rugage. Waɗannan mata sun san kowane gida, sun san ɗakin da aka kwantar da yaron da ba ya fita. Ba abin da zai hana a koya musu gane alamomin wannan lalura. Ba kuma abin da zai hana gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin nan biyu su ɗauki ƙarin ma'aikatan gashin ƙashi, su ba su babur da mai, a sa musu rana a wata a asibitocin Gwaram da Sara da Basirka, su duba yara, su biya wa iyaye da ma'aikatan lafiya na ƙauye, su auna wa kafinta. Kuɗin da za a kashe bai kai na injin tafiya ɗaya daga Turai ba, yaran da za a kai gare su kuwa ɗaruruwa ne.

Kai kuma mai karatu, duba gidanku da na maƙwabta. In jariri ya wuce wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai wata 9 bai zauna ba, ko hannunsa kullum a dunƙule, ko yana amfani da hannu ɗaya tak kafin ya shekara, ko ya kai wata 18 bai taka ba, kada a tsaya jiran ya yi ƙwari. A kai shi asibiti a nemi sashen gashin ƙashi, uba ya raka uwa, su koyo abin da za su riƙa yi masa a gida. Wanda kuma ya riga ya girma a kan tabarma, a fito da shi tsakar gida yau, lokaci bai ƙure masa ba.